Rakiyar da Ban Yi Ba

Da mahaifina ya rasu, wurin dafa mazarƙwailar da ya bari a bayan garinmu, kusa da Makarfi, ya dawo hannuna. Ma'aikata shida ne, duk sun girme ni a aikin. Ni kuwa firamare kawai na gama, kuma tun ina ƙarami nake da tsoron kuskure. Ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa ta sau biyu.

Wannan tsoron ne ya sa na ɓullo da wani tsari. Kowace safiya, kafin a tayar da injin matse rake, sai in tara su a gindin mangwaro in ce, "Mai matsala ya faɗa yanzu, a gaban kowa." A ganina adalci ke nan, kada a ce na fifita wani. Sai su ce, "Lafiya lau, maigida," su watse su bar ni tsaye. Da rana suna cin abinci suna dariya, in na matso sai dariyar ta ragu. Na koma cin nawa ni kaɗai a bayan tarin ɓawon rake.

Mutum ɗaya ne tsarin ya yi wa daidai, mai kula da injinmu, wani Kirista daga kudancin Kaduna. Shi ba ya ɓoye-ɓoye. "Oga, bel ɗin nan ya fi kakata tsufa, ka canza shi!" Da farko na ɗauka raini ne, in yini ina juya maganar a raina.

Wanda aikin ya dogara a kansa shi ne tsohon da ke dafuwa, muna ce masa Baba. Tun kafin a haife ni yake tare da mahaifina. Shi ke duban ruwan rake yana tafasa, ya san lokacin da za a sauke a zuba a ƙananan kwanoni. In aka yi gaggawa ba ya daskarewa, in aka makara ya ƙone.

A tsakiyar kakar rake Baba ya fara zuwa gidana bayan la'asar. Mu gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya yi wa mahaifina addu'a. Na ce, "Baba, akwai matsala ne?" Ya ce, "A'a, gaisuwa ce kawai." Sai ya tashi, ya sa takalmi a hankali, ya ɗan tsaya a ƙofar zaure. Ni hankalina yana kan aikin gobe, daga zaune na ce, "Allah ya huta gajiya." Sau uku aka yi haka.

A makon nan dafuwa biyu ta ƙone. Na tsorata. Da safe a gindin mangwaro na ce, "Baba, me ya faru?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Wuta ce ta yi yawa." Washegari bai zo ba. Aka ce ya koma Hunkuyi wurin ɗansa.

Mai injin ne ya tare ni. Ya ce, "Oga, sau nawa Baba ya zo gidanka?"

Na ce uku.

"Sau nawa ka raka shi?"

Na ce ko sau ɗaya ban raka shi ba.

"Haba Oga! Ni baƙo na sani, kai ɗan gari ba ka sani ba? Babanka ko mai ɗebo ruwa ne ya zo gaishe shi, har bakin titi yake raka shi. A hanya yake jin komai. Ni ka ji ni a tsaye inji yana ƙara, ba damuwa. Irin su Baba kuwa sai an taka musu suke magana."

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Hunkuyi. Baba ya karɓe ni da fara'a, aka kawo fura, muka yi ta gaisuwa. Wannan karon ban tambayi komai ba, ko da yake tambayar tana cina. Da na ce zan koma, ya ɗauki sandarsa. Muka wuce masallaci, muka wuce masu auna masara. Sai da muka fita inda ba kowa ya ce, "Ɗana, idanun ne. Hayaƙi ya cinye su. Tun bara ba na ganin launin ruwan, da hanci nake aiki. Na so in koya wa wani kafin a gane. Ba maganar gindin mangwaro ba ce."

Na roƙe shi ya dawo, ko zama kawai ya riƙa yi kusa da murhu. Ya girgiza kai. "An riga an tambaye ni a gaban waɗanda na koya wa hura wuta. Ka turo mini mai hanci, zan gaya masa abin da baki zai iya faɗa."

Na tura mutum biyu, sun koyi abin da suka koya. Baba bai sake taka wurin ba, kuma har yau masu saye suna ce mini mazarƙwailar zamanin mahaifina ta fi haske.

Na daina taron safe. Yanzu duk wanda ya zo gaishe ni sai na raka shi, ina tafe bakina a rufe. Wasu suna magana, wasu har bakin titi ba sa cewa komai. In na juyo ni kaɗai ta cikin gonakin rake, sai in yi ta tunanin ko da a ce na ƙara taku goma da mutumin ya faɗi abin da ke ransa.