Ƙarar da Inna ta kai kan mai gyaran waya

Shekarar da wayoyi masu kyamara suka cika Gummi, mijin yayata ya dawo daga ci-rani da guda ɗaya. Ko don so ne ko don rashin aikin yi, ya ɗauki matarsa bidiyo a ɗaka, cikin halin da miji kaɗai ya kamata ya gan ta. Da wayar ta faɗa ruwa, sai ya kai wa mai gyara a bakin tasha, da katin ajiyar bidiyon a ciki. A saninsa, wayar da ta mutu ba ta da abin nunawa.

Kafin kasuwa ta zagayo, bidiyon ya bi wayoyin 'yan kabu-kabu ya kai Bukkuyum da Anka, har aka ce wani ya ɗora shi a intanet a Gusau. Mutanenmu kuwa masu tsoron Allah ne. Ba mai kallo sai ya yi a'uziyya tukuna, ba mai tura wa wani sai don a ga lalacewar zamani. Akwai dattijon da ya sa aka maimaita masa, wai idonsa ya yi rauni.

Har yau abin yana ƙona mini rai. Mijin ya sulale ya koma ci-raninsa, yayata ta dawo gidanmu, ta daina leƙa ko zaure. Inna ta kai ƙara, tana so alƙali ya faɗa a gaban jama'a cewa amanar 'yarta aka ci.

Mai gyara ya goge komai, ya musa. Alƙali ya nemi shaidun da suka karɓi bidiyon a hannunsa, amma ya ja kunne cewa mai kallo da mai turawa su ma bulala na jiransu.

Nan take gari ya makance. Maƙwabcinmu, wanda ya fara kawo mana labarin dalla-dalla, ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ni hwa ji niy yi. Ban san mi ke ciki ba."

Aka kori ƙarar don rashin shaida.

Da muka dawo, Inna ta miƙa wa yayata bokiti ta ce, "Tashi ki ɗebo muna ruwa, ɗiyata. Ai ba wanda yag gani."

Yayata ta kai bakin zaure, ta ji majalisar ƙofar gida ta yi tsit. Ta juyo ta ajiye bokitin. Da damina ta koma Adabka wurin kawunmu, ba ta sake kwana a Gummi ba.