Hoton Bayan Yayana

Zamanin Turawa ne, shekarun da motocin gyaɗa sunka fara shigowa garin Isa. Ni da yayana fatauci muke yi da jakai daga Sabon Birni, mu kai gero da tufafi Maraɗi, mu komo da kanwa da gishiri. Tun rasuwar mahaifinmu tare muke hanya. Shi ke ciniki, don yana da sanyin baki. Ni kuwa ba na magana biyu da mai saye ba mu yi faɗa ba, saboda haka ɗaurin kaya da korar jakai ne nawa.

Wata rana a kasuwar Tsamaye ya duƙa zai ɗaga mangala, sai ya tsaya nan a duƙe, ya kasa miƙewa. Da ƙyar munka kai shi gida. Wanzami ya yi masa ƙaho, maɗori ya lalube shi ya ce babu karaya, ya sha rubutu har ya gaji. Damina ta shigo ta fita yana kan tabarma. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da ya ce in nemo mai sayen jakansa, wai shi da hanya sun yi bankwana. Wallahi ban iya cin tuwo ba ran nan. In ya bar fatauci, ni da wa za ni tafi?

Malamin asibitin Isa ne ya ce mana a Sakkwato akwai na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin mutum yana raye. Na matsa wa Yaya lamba sai da ya yarda. Munka hau bisa buhunan gyaɗa, kowane rami mota ta faɗa yana salati, ni kuma ina ta tari, don na daɗe da wani tari da ya ƙi sakina.

Likitan Bature ne, yana magana wani ma'aikaci na mayar mana da Hausa. Anka ɗauki Yaya hoto. Likita ya ji tarina ya ce ni ma a ɗauki ƙirjina. Na ce ni rakiya na zo, ma'aikacin ya ce in tuɓe riga in daina surutu.

Washegari likita ya ɗaga hoton Yaya a gaban fitila. Ga ƙasusuwan baya a jere, fari fat. Ya nuna na ƙasa, inda sunka matsu da juna, gefensu ya yi tsini-tsini. Ya ce babu karaya, babu cutar da ke cin ƙashi, wannan gogewa ce ta shekaru da ɗaukar kaya. Yaya bai ji sauran ba. Mutumin da bai taɓa ganin ƙashin ɗan Adam ba sai a tsohon kabarin da ruwa ya tone, yau ga nasa.

Ya ce, "Shi ke nan, na ƙare. Ƙashin da ya goge ai ba ya komowa."

Likita ya juyo wajena. Ya ɗauko nawa hoton ya jera kusa da na Yaya. Ya ce huhuna lafiya lau, ƙura ce kawai. Sannan ya bi tsakiyar hoton da yatsa. Jama'a! Ƙashin bayana a karkace yake kamar ƙotar fartanya. Ya tambaya ko baya na yi mini ciwo.

Na ce, "Ni? Ni da ke ɗaga taikin gishiri ni kaɗai? Wanga hoto ba nawa ba ne, kun dai musanya!"

Ya ce nawa ne, kuma wataƙila haka nake tun ƙuruciya. Ya ce hoton nan ƙashi kaɗai yake gani, ba ya ganin nama da jijiya, balle ciwo. Akwai masu hoto mummuna suna noma lafiya, akwai masu hoto mai kyau suna kuka. Amfaninsa shi ne ya nuna babu mugun abu, kuma ya nuna. Ya ce wa Yaya yawan kwanciya na ƙara sandarar da baya, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, amma in ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa ya komo da gaggawa.

Yaya ya dubi hoton, ya dube ni, sai ya fashe da dariya, yana dafe da ƙugu don dariyar na yi masa zafi. Ni haushi ya cika ni, amma rabon da in ji dariyarsa tun kafin shuka, sai na ƙyale shi.

Ba za ni ce ya warke nan take ba. Da munka komo gida ya fara da zuwa masallaci da sanda, daga nan bakin kasuwa, har wata rana ya taka zuwa garin Unguwar Lalle ya komo yana tsaki. Ciwon kan tashi, musamman da sanyi, har tsufansa. Sai dai ya daina jin tsoronsa.

Da kaka ta sake zagayowa ina ɗaurin kaya a ƙofar gida, ban tambayi Yaya ko za shi ba, don ina tsoron amsar da zai ba ni. Sai na ji takun jakai a bayana. Na waiwaya, ga Yaya ya koro nasa, da gorar ruwa a kafaɗa.

Na ce, "Yaya, ina zuwa?"

Ya ce, "Maraɗi mana. In na bar ka kai kaɗai, faɗa za ka yi da kasuwa duka. Zo nan, mai karkataccen baya, kama mini wancan gefen."

Na kama, munka ɗaga tare.