Baba Shaida da Kofin Surukinsa

Ranar da sunana ya fito a gwajin ƙwaya na kamfaninmu, fitsari ya ce bai san ni ba. Ni da ba na awa biyu a ɗakin sikelin auna motoci ban zagaya ba, sai ga ni tsaye da kofin roba, mara ta ƙafe kamar famfon unguwarmu. Ledar ruwa huɗu na shanye. Da abin ya tashi zuwa kuma, rabi a kofi, rabi a takalmi.

"Kai ne mai sikeli, amma awo ya gagare ka," in ji Baba Shaida.

Baba Shaida shi ne dattijon da ke tsayawa a ƙofar banɗakin asibitin kamfani don kada a yi maguɗi. Da can direban tirela ne. Ciwon baya ya sauke shi, aka ba shi kujera da safar hannu da kwalin kofuna, yau shekara goma sha ɗaya. Zai laluba aljihunka, ya zuba shuɗi a ruwan masai, ya ɗaure kan famfo da tsumma. In ka miƙo kofi sai ya ɗora a bayan hannunsa. Da ɗumi, ya manna suna. Da sanyi, daga gida aka zo da shi.

Ya ga iri-iri. Mai ɗaure leda a cinya, mai aron na ƙaninsa, har wanda ya ɗumama nasa a kan injin mota ya kawo yana tururi. Ba ya dariya, ba ya faɗa. Rubutawa kawai yake yi. Shi ya sa in an tashi cin abinci, bencinsa ne kaɗai ke da wuri.

Mijin 'yarsa ta biyu yana tuƙa motar ɗaga kaya a sito, muna ce masa Na-Sama. Mutum ne mai ladabi, 'ya'ya uku, ba ya ƙin aikin ƙari. Kowa ya san ba shayi ke tsayar da shi awa goma sha shida ba. Duk lokacin da sunansa ya fito, Baba kan roƙi mataimakin likita ya tsaya masa, saboda kunyar surukuta. Wannan karon mataimakin yana hutu.

Masu jiran layi sun ce Na-Sama ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon bango. Bai laluba aljihunsa ba. Bai leƙa ba. Amma da kofin ya hau bayan hannunsa, sai ya daɗe a tsaye.

"Baba..." in ji Na-Sama.

"Je ka sha ruwa, ka dawo ka sake."

Ya sake. Na biyun ne ya nuna tiramol. Kafin mako ya ƙare an karɓi katin aikin Na-Sama, an sallame shi. Kafin wata biyu, 'yar da jikoki uku sun tare a ɗaki biyun Baba. Matar Baba ta yi kwana goma ba ta ce masa sannu da zuwa ba.

Jiya na zauna a bencinsa. Ya rame, yana tauna abinci kamar shi ma aikin kamfani ne. Na ce bari in ɗan sa shi dariya.

"Baba, kai ma dai. Hannun nan naka ba ya zuwa hutu? Da ka ce da ɗumi, wa zai musa? Da yanzu kana miƙe ƙafa a ɗakinka, ba jika a wuya."

Ya rufe kwanonsa a hankali, ya dube ni.

"Tan biyu yake ɗagawa a kan mutane. Ran da ya sake shi a kan wani, kai za mu aika ka gaya wa matarsa? Tunda Allah ya hore maka baki."