Kaskar Tebur na Shida

A duk tarihin masana'antar fanka ba a taɓa yin mutum mai muhimmancin Baba Liƙau ba. Shekara goma sha ɗaya babu fankar da ta fita ƙofa sai ta bi ta hannunsa. Aikin nasa shi ne ya ɓare wani ɗan abu, faɗin farcen babban yatsa, ya manna a jikin inji.

Kaska ma'aikata suke kiran abin, don in ya kama ba ya saki. Cikinsa akwai siririyar waya mai magana da na'ura ta iska, kamar rediyo. Kowane teburin aiki da nasa ƙunshin kaskar. In fanka ta dawo da matsala, sai a kara mata na'ura, kwamfuta ta faɗi teburin da aka naɗa wayarta. Kafin zuwan kaska, duk fankar da ta ƙone, kowa sai ya rantse ranar yana gida ba lafiya.

Da tsintsiya Baba ya fara. Ya yi shekara shida yana share gutsuren waya kafin a ba shi kujera a ƙarshen layi, wadda ƙafarta guda sai da kwali take zama daidai. Daga kan kujerar nan ya aurar da 'ya'ya uku. Kullum ya dawo gida sai ya sanar cewa yau ma bai yi kuskure ba.

"Mun ji, Malam," matarsa kan ce. "Ɗaga ƙafarka in share."

Mijin autarsa yana tebur na shida, kuma Baba bai taɓa ƙaunarsa ba. Mutumin da zai fesa turare ya zo aikin inji, a ganinsa, ba a gama saninsa ba.

Sai ga fanka arba'in sun dawo daga wani dillali, duk sun ƙone. Na'ura ta ce tebur na shida, sau arba'in. Manaja ya ce wa surukin daga ƙarshen mako ya huta.

Auta ta zo gida da cikinta wata bakwai, ta zauna bakin gado.

"Baba, ba abin da za ka iya yi?"

"Kaska ba ta ƙarya," in ji shi.

Amma ya kasa gama abincinsa, domin ya tuna ranar da aka haɗa fankokin nan. Kaskar tebur na huɗu ta ƙare, mai sito ya tafi asibiti da makulli a aljihu, fankoki suka taru. Baba, da ba ya iya ganin layi a tsaye, ya ari arba'in daga ƙunshin tebur na shida, ya manna wa fankokin tebur na huɗu. Babu wanda ya gani. In ya yi shiru, tarihinsa yana nan fes, kuma ya rabu da turare.

Washegari da safe ya sa rigarsa mai guga ya hau ofis.

"Yallaɓai, fankokin nan ba na tebur shida ba ne."

"Kwamfuta ce ta faɗa, dattijo."

"Abin da na manna ta faɗa. Ni na manna ba daidai ba." Maganar ta fito da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori.

"Surukinka ne, ko? Kowa ma haka zai ce."

"Yallaɓai, in don ta shi ne, da kaina zan riƙe masa ƙofa ya fita. A buɗe guda. Kaskata kullum a dama take. Ta aro kuwa a hagu na sa, don in gane abina."

Aka kwance guda, tana hagu. Aka kwance goma, duk hagu. Tebur na huɗu kuwa babu mutum a kansa, sabon injin naɗa waya ne da manaja ya tsaya kai da fata aka sayo. Manaja ya yi tari, ya ce za a duba.

"Wannan ne kuskurena na farko cikin shekara goma sha ɗaya," Baba ya ce, ya tsaya ƙyam yana jiran hukunci.

"Ba komai," in ji manaja. "Kai a wane sashe kake ma?"

A bakin matakala surukin ya durƙusa har ƙasa yana godiya.

"Tashi, kana toshe hanya," Baba ya ce. "Kuma ba don kai na yi ba."

Ran nan da ya koma gida bai sanar da komai ba. Matarsa ta jira, ta ji shiru, sai ta ƙara masa nama biyu, ta kuma bar ƙafarsa inda take. Auta ta ba maƙwabta labarin gida-gida, har fankokin suka kai ɗari huɗu.

Surukin ya koma teburinsa. Bayan wata biyu ya ajiye aikin da kansa, ya ce zaman kujera yana sa masa ciwon baya.