Ranar da Sabar Famfo Ta Tashi da Kanta

Bututun ruwa ne ya fara gaya mini. Ya bi ta bayan ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani, jikin bangon da nake jingina kujerata, kuma duk sanda injin ban ruwa ya tashi sai in ji gurnaninsa a gadon bayana. Ran nan da hantsi na ji gurnanin, alhali ni da hannuna na kashe injin, kuma na san Baba makaniki yana can bakin tafki, hannunsa a cikin injin.

Bayan na gama sakandare ne ƙungiya ta ɗauke ni in riƙa kula da kwamfutar da ke raba ruwa. Wani injiniya daga Kano, da muke ce wa Malam, shi ya haɗa ta. A cikinta akwai 'yan ma'aikatan da ido ba ya gani, yana ce musu saba: wata ta famfo, wata ta tsara layin masu shan ruwa. A bakin kowace gona akwai ɗan akwati mai maɓalli. In layin manomi ya zo sai ya danna, akwatin ya aika kira, sabar famfo ta amsa, inji ya tashi. Ni kuwa ba hoto a gabana, baƙin allo ne kawai da ɗan ɗigo yana ƙiftawa, in rubuta umarni da Turanci in danna. Malam ya koya mini na dubawa, da na tayarwa, da na kashewa, ya ce sun ishe ni.

Baba makaniki abokin mahaifina ne, tun ina ƙarama yake tsokanata, yanzu kuma Injiniya yake ce mini. Da safiyar nan ya leƙo ofis da jakar sifanoninsa.

"Injiniya, shugabanku ya kulle akwatin wuta saboda ɓarayin waya, ya tafi Dawanau da mukullin a aljihu. Bel ɗin injin nan in ban canza shi yau ba, albasar mutane ta tafi. Za ki iya kwantar mini da shi daga nan?"

"Zan iya, Baba."

"Duba da kyau dai. Yatsun nan da su nake cin tuwo."

Na yi dariya, na rubuta umarnin kashewa, sannan na dubawa. Sunan sabar famfo ya fita daga cikin masu aiki. Na juya masa allon. Ya ƙura masa ido kamar mai karantawa, ya ce, "Ni ke na yarda da ke, ba wannan baƙin allon ba." Ya hau kekensa ya tafi.

Shi ya sa da na ji gurnanin nan, na zabura na koma kan allon. Na rubuta umarnin dubawa. Ga sunanta nan ya dawo, tana aiki, kamar ban taɓa ta ba. Na sake kashe ta. Bututu ya yi shiru. Ban gama sauke numfashi ba ya sake kamawa. Na kira wayar Baba, tana ta ringin ba a ɗauka ba. Na kira Malam, yana tsakiyar hayaniyar titi.

"Malam, na kashe sabar famfo tana tashi da kanta, kuma Baba yana gyaran bel!"

"Innalillahi! Ba a yanke wuta ba?"

"Mukulli yana Dawanau."

"Saurare ni. Rajista gare ta. Mai rajista ba ta mutuwa, barci take yi, duk wanda ya kira ta sai kwamfuta ta tashe ta. Wani ne a gona yake danna maɓalli. Cire rajistar za ki yi. Rubuta abin da zan faɗa miki."

Ya riƙa faɗa mini harafi bayan harafi. Garin sauri na yi kuskure, allon ya mayar mini da layi ɗaya cewa bai san wannan umarnin ba. A bayana bututu yana ta gurnani. Na goge na sake. Na cire rajistar, na kashe ta. Wannan karon shirun ya zauna.

Na fita da gudu, ko takalmi ban tsaya nema ba. Na bi kunyoyin albasa da na tumatir har bakin tafki. Kafin in isa an taru. Na hangi an naɗe hannun Baba da rawanin wani, rawanin ya rine da jini, ana sa shi a bayan a-kori-kura. Kansa ya langaɓe, idonsa a rufe. Kekensa yana jingine da darbejiya inda ya bar shi. Babban ɗansa ya waiwayo ya gan ni.

"Ga ta nan! Ita ta ce masa ta kashe!"

Idanu suka juyo kaina. Mutanen da na taso a gabansu ne, amma ran nan ban gane fuskar kowa ba. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Mai unguwa ne ya shiga tsakani, ya ce wa wani dattijo ya kai ni gidan shi mai unguwar, kada kowa ya bi mu. Shi kuma ya hau motar suka nufi asibiti a Ɗanbatta.

Matar mai unguwa ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta miƙo mini ruwa a kofin silba. Na riƙe shi ban sha ba. Can Innata ta shigo, mayafinta a karkace, ta zauna ta kama ƙafata tana cire mini ƙayar da ban san na taka ba. Ba ta tambaye ni komai ba. A bakin mata masu shigowa na ji cewa wani bawan Allah ne layinsa ya zo, bai san ana gyara ba. Ya danna ruwa ya zo, ya ɗauke, ya sake dannawa. Ni ina kashewa, shi yana tayarwa, ba wanda ya san da wani.

Aka kira azahar na tashi na yi salla, ban san abin da na karanta ba. Abu ɗaya ne yake kai-komo a raina: idan Baba ya cika, da wane ido zan dubi iyalinsa, kuma wa zai yarda cewa na rubuta abin da aka koya mini daidai? Duk babur ɗin da ya wuce ƙofar gida sai in ji kamar ni aka zo ɗauka. Har yau in na jingina da bango na ji wani abu yana rawa, sai na miƙe tsaye.

Bayan la'asar na ji sallamar mai unguwa a tsakar gida. Ya ce in fito. Ɗan Baba yana bayansa, kansa a sunkuye. Na durƙusa a gabansu, kaina a ƙasa.

"Yarinya, ɗago kanki," in ji mai unguwa. "Ya farfaɗo. An ƙara masa jini. Yatsu biyu sun tafi, amma rai yana nan. Malaminku ma ya iske mu can, ya faɗa a gaban kowa cewa bai taɓa koya miki umarnin cire rajistar ba."

Sai ɗan Baba ya yi gyaran murya, bai dube ni ba.

"Ya ce in gaya miki shi da kansa ya sa hannu a inji alhali ba a yanke wuta ba, kuma duk wanda ya ɗaga miki murya bai yafe ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ya ce kuma ki nemo masa cokali mai kyau, tunda kin raba shi da cin tuwo da hannu."

Inna ta fashe da kuka tana dariya. Mai unguwa ya ce, "Tashi ki bi Innarki gida. Ba wanda zai taɓa ki."