Ranar da Sista Ta Hana Ni Tsokanar Ramatu

Akwai ranar da ta ƙi fita daga raina cikin shekarun da na yi ina girki a wani ƙaramin asibiti a nan Tamale, tun Turawa ba su tafi ba. Ku da kuka kama aiki yanzu, bari in gaya muku yadda tsarin yake. Likita ne a sama, sai Sista, Baturiya mai kula da ɗakunan jinya, sai nas-nas. Mu masu girki muna can ƙasa. Da safe mu dama koko, mu bi gado-gado da bokiti da ludayi, sannan mu gaya wa nas wanda ya sha da wanda ya bari.

A ɗakin mata akwai Ramatu, yarinya daga unguwar Aboabo, ko ashirin ba ta kai ba. Ciwon daji ne ya kama ta a cinya, kuma ko da aka kawo ta ya riga ya yi nisa. Ita Bafulatana ce, ni kuwa kakannina Barebari ne, kun san akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Tana ganin tsagen fuskata ta fara.

"Mma Falmata, wannan koko ne ko ruwan wanke ƙwarya?"

"Sha, 'yar bin shanu. Ina kika san koko?"

Tana sha tana kushewa, sai ta ga ƙasan kwano.

Wata safiya Sista ta zo wucewa tare da Malam Seidu, mai ba da magani, wanda yake mata tafinta. Ta tambaye shi me nake cewa, shi kuma bawan Allah ya fassara mata kalma-kalma, har da shanun. Fuskarta ta yi ja. Ta ce a asibitinta ba a zagin marar lafiya, in na ƙara, in ajiye ludayi in tafi gida.

Ina da yara a gida. Washegari na durƙusa a bakin gadon na ce, "Sannu Ramatu, ya jiki? Allah ya sawwaƙe."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Mma, har ke ma?" Ta juya fuska ga bango.

Daga ranar ta daina ci. Uwarta ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ta ce tunda har Babarbariya ta koma gaishe ta da ladabi, likita ya gaya muku an gama."

Na je na roƙi Malam Seidu ya raka ni ofishin Sista. Na ce, "Madam, kowa yana yi wa yarinyar nan magana ƙasa-ƙasa kamar ta riga ta tafi. Ni kaɗai na rage mata abokiyar faɗa."

Ta ce, "In kin zage ta za ta ci?"

Na ce, "Ban sani ba, Madam. Na dai san ba za ta yarda in ci ta da baki ba."

Sista ta biyo ni ta tsaya a ƙofar ɗakin mata. Na dire kwano na ce, "Tashi, raguwa! Kin zo kin cinye mana gado, shanun ubanki suna can suna ɓarna a gonar mutane."

Can daga cikin mayafi na ji ta ce, "Dama tun daga nesa na ji takun Barebari, kamar an saki jakai." Ta miƙo hannu, ta sha rabi.

Sista ta tambayi abin da muka ce. Wannan karon Malam Seidu ya ce, "Madam, gaisawa suke yi."

Ramatu ba ta warke ba. Kafin a yanke gero Allah ya karɓi abarsa. Ranar sadakar uku na je Aboabo na zauna cikin mata, sai uwarta ta kama hannuna ta ce, "Falmata, kowa ya yi mata addu'a. Ke gaya mata irin taki maganar."

Na ce, "Ramatu, kin gudu ne don kin san ba za ki iya da ni ba." Uwar ta yi dariya, sannan muka riƙe juna muka yi kukan da muke ta dannewa.

To 'ya'yana, marar lafiya ya fi sauraron muryar mai kawo abinci fiye da duba abin da ke cikin kwano. Yadda kuka saba magana da mutum, ku ci gaba da ita. Kada ku fara yi masa ta'aziyyar kansa yana kwance yana kallonku.