Jinjina ga Malam Yusha'u, Mai Kwantar da Inji a Abakpa

Duk wanda ke zaune a Abakpa ya san ƙarar keken Malam Yusha'u. Da an idar da Asuba zai sha kokonsa a tsaye, ya ɗaure akwatin sifanu a bayan keke, ya nufi garejin gyaran motocin gwamnati. Ƙarfe biyu ya taso, ya yi Azahar, sai gindin mangwaron ƙofar gidansa, inda risho da fitila da keken ɗinkin mutanen unguwa ke jiransa. Shekara talatin ke nan yana haka, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aikin gwamnati. Mutum ne mai ƙarancin magana da sanyin jiki, har wani lokaci ka ji kamar ka ƙwace sifanar ka yi da kanka. Ni ma na taɓa jin haka, sai da na ga abin da ya yi a gidan Hansai bara.

Hansai matar marigayi Sabo ce, direban da ciwon ciki ya ɗauke cikin kwana uku. Ya bar mata gida da kan injin markaɗe, bai kai ga sayen injin da zai ja shi ba. Yayanta Ja'afaru, tela ne a Zariya, ya faɗa mata ranar da ta fita takaba zai zo ya tafi da ita, don ba zai bar ƙanwarsa a Kaduna ba sana'a ba. Ita kuwa ba ta son barin ɗakin da ta yi shekara ashirin a ciki.

Sai Allah ya kawo Malam Adamu, wani akawu abokin marigayin, da ɗan injin yankan ciyawa da wani Bature ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Lafiyar injin lau, amma sandarsa a tsaye take, tana kallon ƙasa inda wuƙar yankan take. Markaɗe kuwa sanda a kwance yake so, wadda za ta ja bel. Ja'afaru, da ya zo duba ta, ya ce ai abu mai sauƙi ne, shi da ya ƙoshi da keken ɗinki. Ya kwantar da injin a kan haƙarƙarinsa, ya ja igiya. Fetur ya tsiyaye, hayaƙi ya turnuƙe zaure, kaji suka watse. Ya fito yana tari, ya ce, "Kin gani ko? Haɗa kayanki kawai."

Saura kwana goma sha biyu takaba ta cika aka kira Malam Yusha'u. Ya tsuguna a zaure ya daɗe yana kallon injin, hannunsa bai taɓa shi ba. Hansai tana bayan ƙyaure, don mai takaba ba ta fitowa gaban maza.

"Baba Yusha'u, zai yi kuwa?" in ji ta.

Ya ce, "Ki bar ni in ga inda mansa zai kwanta tukuna. Shi injin nan a tsaye aka yi shi. In aka kwantar da shi, baƙin mai sai ya taru a kwana ɗaya, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Da yayanki ya ƙara minti biyar, da sai dai mu sayar wa maƙera."

Kullum ya taso aiki sai ya zo. Ya lanƙwasa guntun bututu ya juya kafireta, mai haɗa fetur da iska, ta zauna daidai, ya ɗaga tankin fetur sama, ya toshe tsohuwar kafar zuba mai ya huda sabuwa. Abu ɗaya ya rage, wato abin da zai riƙa ɗebo man daga ƙasa yana watsa shi sama duk juyi. Ya gwada gwangwani ya lanƙwashe, ya gwada bakin lauje ya yi nauyi. Ran nan, saura kwana uku, ya ɗaga murya ya ce, "Hansai, akwai cokalin ƙarfe mai kauri a gidan nan?"

Can sai ga hannu ta gefen ƙyaure da cokali. Ta ce, "Na maigidan ne, da shi yake shan shayi. Tun da ya rasu ban bari kowa ya taɓa ba."

Malam Yusha'u ya karɓa da hannu biyu. Ya yi wa marigayin addu'a, ya datse mariƙin, ya goge bakin, ya ɗaure shi da kusa a gindin sandar fistan.

Ranar fitar takaba Ja'afaru ya iso da hantsi, har da igiyar ɗaure kaya. Da yake Lahadi ce, ya tarar da Malam Yusha'u ya kafa sukundireba a jikin injin, kunnensa a kan mariƙin, yana sauraro. Bel na gudu, wake na fitowa fari sol, mata huɗu na jira da ƙore. Ja'afaru ya tsaya sororo, ya ce, "Ikon Allah! Ni ma ai haka na kwantar da shi." Malam Yusha'u ya ce, "Haka ne, Malam Ja'afaru, kai ka fara." Sai da tela ya ci ƙosan waken nan kafin ya koma tasha, igiyarsa a aljihu.

Malam Yusha'u, kai ne mai kunnen jin ciwon ƙarfe. Kai ne ka rufa wa baiwar Allah asiri, ba ka kunyata yayanta ba, kuma ba ka taɓa ba da labarin da bakinka ba. Na yi murna da Allah ya nuna mini irinka, kuma ina jin kunyar gajen haƙurina. Mun gode, Allah ya sa hutun nan ya karɓe ka, ko da yake mangwaron nan ba zai bar ka ka huta ba.

Ku masu sana'a, ku koyi tsugunnawa ku duba kafin ku ja igiya. In kuna shakka, ku bi ta Abakpa da safe, za ku ji injin yana aiki. Jiya na tambayi Hansai ko tana kewar cokalin. Ta zuba wake, ta share hannu a zane, ta ce, "Kewar me? Yana nan ciki. Har yau cokalin maigidan ne ke ciyar da gidan nan."